Abin da na kwaso daga muhawarar takobi a Jos

Daren Asabar, sanyin Jos ya tara mu wurin mai shayi a Unguwar Rogo, wani ya zo da takobin kakansa a kube na jar fata, duk ya tsattsage. Gardama ta kaure kan takubba da yaƙin zamanin da, ga abin da na tsinta.

Dattijon cikinmu ya ce kafin ka yarda da labarin takobi mai nauyin buhu, ka ɗora shi a sikeli. Yawancin takubban yaƙi ba su wuce kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Kuma mashi da baka su suka fi cin fagen fama. Takobi na kusa ne, idan an haɗu gaba da gaba.

A duba tambarin da ke jikin ruwan takobin. Takubba da yawa daga garin Solingen na Jamus aka kawo su ta Sahara, maƙeranmu suka sa ƙota.

Adadin mayaƙa kuwa a yi hattara, marubutan sarakuna sukan ƙara gishiri. Tarihin Kano dai ya ce a zamanin Sarkin Kano Kanajeji aka shigo da lifidi da sulke.

Shawarar da ta fi taɓa ni: kada a kankare tsatsa da sanfefa. A shafa mai kaɗan, a ajiye inda babu laima.