Wai da gaske mazauna Kanari haraji biyu suke biya?

Maman Hanif, Las Palmas: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Na sayi keken ɗinki ta intanet daga wani shago a Balensiya, can babban yankin Sifaniya, na biya yuro 242, har da IVA, wato harajin sayen kaya na Sifaniya, a ciki. Kwana tara ina jira. Da safen nan mai kai kaya ya dire kwalin a bakin ƙofa, ya dafa shi da hannu, ya ce ba zai sake ba sai na ba shi yuro 41: wai 17 harajin tsibiri, 24 ladan takardar kwastan. Ga ɗinkin bikin mutane jibge a ɗaki, dole na biya. Ni dai abin da na gani shi ne, mu mazauna tsibiran Kanari haraji biyu muke biya a kan kaya ɗaya, alhali ƙasarmu ɗaya da mutumin Madrid. Wannan zalunci ne.

Baban Walid, Madrid: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar miki da alheri, Maman Hanif. An cuce ki kam, amma mai shago ne ya cuce ki. A doka, Kanari tana cikin Sifaniya, tana cikin Tarayyar Turai da yankin kwastan ɗinta, sai dai tana wajen yankin IVA. Duk kayan da ya tashi daga nan zuwa wurinku, ana ɗaukarsa kamar an fitar da shi waje, don haka wajibi ne a cire masa IVA ɗin nan na kashi 21 cikin 100. Asalin kuɗin kekenki 200 ne. Da an yi daidai, harajin tsibiri da ake kira IGIC kawai za ki biya, kashi 7, wato yuro 14. Ni a nan 42 zan biya a kan keken. To wa aka sauƙaƙa wa?

Maman Hanif, Las Palmas: Yaya, a takarda ne aka sauƙaƙa min. A jakata 283 ne suka fita.

Auta, La Laguna: Ina bayan Anti. Baban Walid, lissafinka ya tsallake ladan takardar nan da suke kira DUA, kuma ita ce ƙashin bayan maganar. Ɗauki kayan yuro 160. IVA ɗinsa 33 da ɗoriya, IGIC 11 da ɗoriya, rarar da ke tsakani 22 ke nan. In kamfanin jigila ya karɓi 24 irin na Anti, rangwamen ya tafi har da ciko. Mai sayen kwamfutar yuro dubu ba zai ji zafin 24 ba. Ɗalibi irina da tela irin Anti, mu ke sayen kayan 160 da 200, a kanmu abin ke ƙarewa. Ban da shagunan da za ka gama zaɓen kaya, ka sa lambar unguwa mai farawa da 35 ko 38, su ce ba sa aikowa tsibiri. Sau uku ana yi min haka a kan cajar kwamfuta.

Baban Walid, Madrid: Ƙanena, ladan takarda kuɗin ɗan kamasho ne, ba ya shiga baitulmali. In kana da shaidarka ta intanet, kana iya cike takardar da kanka ka biya harajin kai tsaye.

Auta, La Laguna: Na taɓa yi. Yini guda ya ci min, kuma ni ina karatu da Sifaniyanci. Wanda ya zo bara fa?

Alhaji mai shago, Las Palmas: Ku yi haƙuri in sa baki, shekara ashirin da ɗoriya ina buɗe shago a bayan tashar jirgin ruwa. Yaran nan, kuna kuka da abin da kakannin mutanen tsibirin nan suka yi fafutukar samu. Tun 1852 aka mayar da tashoshin Kanari na shige da fice ba haraji, saboda wurin da ke sama da kilomita dubu daga babban yankin Sifaniya, kusan kilomita 100 kacal daga gaɓar Maroko, ba zai rayu da dokar Madrid ba. Daga nan tsarin ya yi ta sauyawa har IGIC ya fara aiki a 1993. Kuɗin kuma a tsibiran yake zama, gwamnatin Kanari da majalisun tsibirai da ƙananan hukumomi ke raba shi. Ranar da aka ce an ɗauke takarda an haɗe mu da yankin IVA, kashi 21 zai hau kan kaya a kowace kanta, har da zaren da Maman Hanif ke saya a layinmu.

In ma kuka ne, ni ya kamata in yi. Kunshin da aka aiko wa mutum ta intanet, in bai wuce yuro 150 ba, ba ya biyan IGIC ko sisi. Ni kuwa takalmin yuro 40 da ke kan kantata ya biya haraji tun a tasha, ga hayar shago, ga albashin yaro. Mutum zai shigo ya gwada, ya duba lamba, ya ce zai dawo, ya je gida ya yi oda a waya. Tun Yulin 2021 mutumin Madrid yana biyan IVA a kan ko da kunshin yuro biyar ne daga Sin. Ku a nan an bar muku 150 ɗinku.

Maman Hanif, Las Palmas: Alhaji, da girmanka, na ji. Amma sai da na zagaya shaguna huɗu a garin nan neman keken mai ɗinka leshi mai kauri, ban samu ba. Ba ƙin sayen na gida na yi ba.

Auta, La Laguna: Kuma Alhaji, 150 ɗin nan ita ta koya wa mutane raba oda gida biyu. Ka ga kaya ɗaya, kwali biyu, jirgi biyu. Keken ɗinki kuwa ba ya rabuwa.

Alhaji mai shago, Las Palmas: Wannan gaskiya ne, ɗana. Ni ban ce takardar tana da daɗi ba, ni ma ina biyan wakilin kwastan a kan kowace kwantena. Abin da na ƙi shi ne a kira shi haraji biyu. Haraji ɗaya ne, mai sauƙi, aka ɗaura masa takarda mai tsada. A sa manyan shagunan intanet su karɓi IGIC tun wurin biya, su miƙa wa hukumar harajin Kanari, kowa ya huta da tsayuwar bakin ƙofa. Amma a karɓa daga yuro ɗaya, yadda ake karɓa a hannuna.

Auta, La Laguna: A nan muka rabu. A karɓa wurin biya, na yarda. A taɓa 150, ban yarda ba, don ita kaɗai ce ke rage wa mai ƙaramin ƙarfi tsadar nisa.

Baban Walid, Madrid: Maman Hanif, kafin su gama, ki duba rasit ɗinki. In an rubuta IVA 42 a jiki, ki ɗauki hotonsa da na takardar da mai kai kaya ya ba ki, ki tura wa shagon, ki nemi su gyara rasit su mayar miki da kuɗin. Takardar ita ce shaidar cewa kayan ya shigo Kanari.

Maman Hanif, Las Palmas: An rubuta, ga shi a hannuna. Zan tura musu bayan la'asar in sha Allah. Na 24 ɗin fa, Yaya, wa zan tambaya?