Zanen ƙididdiga ya ƙi bin rahoto daga Access zuwa Word

Ɗan Kadawa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar manoman shinkafa a ƙauyenmu, kusa da Kura, inda muke noman rani da ruwan dam ɗin Tiga. Shekara uku ke nan ina shigar da bayanan mambobi a Microsoft Access: wa ya karɓi taki buhu nawa, wa ya girbe nawa, wa ake bi bashi. Na haɗa zane mai ginshiƙai da ke jera girbin rani kusa da na damina, kuma a cikin Access ya fito tsaf. Amma da na fitar da rahoton zuwa Word don in rubuta bayani a ƙasa, sai lambobi kaɗai suka zo, wurin zanen fili fetal. Sau huɗu na gwada daren jiya har batirin sola ya ƙare. Ranar Asabar ne taronmu na shekara, kuma dattawanmu da yawa ba su saba da lambobi ba, amma da sun ga wannan ginshiƙi ya ɗara wancan tsawo, sun gane. Don Allah a taimaka.

Malamin Kwamfuta, Ringim:
Wa alaikumussalam Malam Sakatare. Kwantar da hankalinka, ba kai ka yi kuskure ba. Access yana fitar da rahoto zuwa Word ne a tsarin RTF, kuma rubutu yake kwasowa, ya bar zane a baya. Ko sau ɗari ka gwada, haka za ka gani. Tunda lokaci ya ƙure, fitar da rahoton a PDF, ka buɗe shi, ka ƙara girmansa har zanen ya cika fuskar kwamfutar. Sai ka danna maɓallan Windows da Shift da S tare, ka yanko zanen, ka koma Word ka danna Ctrl da V. Kada ka yanka yana ƙarami, zai fito dishi-dishi a takarda.

Maman Hanifa:
Ni ma'aikaciyar adana bayanai ce a wani ƙaramin asibiti a Jigawa, duk wata sai na yi wannan aikin. Hanyar Malam ta yi, amma ni na fi son bi ta Excel. Tura lambobin can, ka zana ginshiƙan, ka kwafa. A Word kada ka liƙa kai tsaye, shiga Paste Special ka zaɓi Picture (Enhanced Metafile). Ko ka ja shi ya cika shafi, rubutun ba ya dusashewa.

Abin da ya sa nake nanata a liƙa a matsayin hoto: akwai zaɓin da ke cusa fayil ɗin Excel gaba ɗaya cikin takardar. Na taɓa yin haka ban sani ba, na tura rahoto, wanda ya karɓa ya danna Edit Data, sai ga sunayen matan da suka zo awo a jere. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Kai kuma da sunayen masu bashi a ciki, ka ga ba ƙaramin abin kunya ba ne a gari.

Sannan in baƙi da fari za a buga maka, kore da ja duk toka-toka suke fitowa. Sa ɗaya baƙi wuluk, ɗaya mai haske, ka ɗora adadin buhuna a kan kowane ginshiƙi.

Ɗan Kadawa:
Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. Na bi ta Excel, zanen ya zauna daram. Lambobin girbi kaɗai na tura, ban haɗa da sunaye ba. Da yamma na hau babur zuwa Kura na buga shafi ɗaya na gwaji, kuma maganar Hajiya ta tabbata, rani da damina sun zama launi ɗaya. A nan shagon na mai da rani baƙi, muka sake bugawa. Gobe zan kai wa shugaba ya duba kafin a yi kwafi 40.