Hoto na tsinkewa, murya na dawowa: abin da ke gyara watsa gem ga abokai

Gwanin_Pad: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu nuna wa abokai gem kai tsaye ta Discord (manhajar hira) ko OBS (manhajar ɗauka da watsa allo), mu tara abin da muka gwada ya yi aiki. Ƙorafin kullum uku ne: hoto ya farfashe da zarar an fara gudu, ko ya riƙa tsayawa a wajen masu kallo alhali a wajen mai bugawa lafiya lau, ko kuma murya ta riƙa dawowa. Kowa ya faɗi na'urar da yake magana a kai.

Mai_Gyaran_Laftof: Wa alaikumus salam. Kafin a taɓa seti ko ɗaya, a gano inda ciwon yake. A OBS ka shiga View ka buɗe Stats, ka bar shi a buɗe kana wasa. Idan firam (ɗaiɗaikun hotunan da ke haɗuwa su zama bidiyo) ɗin da ke zubewa ta netwok ne ke hawa, laifin layinka ne. Idan lissafin da ke gaban Encoding ne, injin matse hoton ne ya gaji. Idan na Rendering ne, gem ɗin ya cinye katin hoto kaf bai bar wa OBS komai ba. Magani daban-daban ne, shi ya sa wanda ya rage bitret (yawan datar da ake turawa a daƙiƙa) alhali katin hotonsa ne ke kan kashi 99 ba ya ganin canji.

Na katin hoto: ka ƙayyade gem ɗin a firam 60, ka rage inuwa, ka buɗe OBS a matsayin admin. Na matsewa: a setin Encoder na OBS ka bar x264 da ke ɗora wa furosesa nauyi, ka koma NVENC idan katinka Nvidia ne, AMF idan AMD ne, ko QuickSync na Intel. Laftof kuma dole ta kasance a jikin caja, domin da an ɗauke wuta ta koma batir, da kanta take rage ƙarfin katin. Idan sai bayan minti 20 ko 30 tsayawar ke farawa, zafi ne. A ɗaga bayanta, a busa ƙurar fanka, kada a ajiye ta kan katifa.

Hajiya_Netwok: Malam ya yi daidai, bari in ɗora a kan layi. Mutane na duba saurin saukewa su ga 30 Mbps su saki jiki, alhali watsawa da saurin turawa take aiki. Ka auna shi da dare, lokacin da za ku yi wasan, ba da asuba ba. Abin da ka samu, kada bitret ya wuce kashi 70 nasa. 720p a firam 30 na yin kyau da 2500 zuwa 3000 kbps. 1080p a firam 60 na son wajen 6000, kuma wannan na cin kusan 2.7 GB a awa, yayin da 2500 ke cin 1.1 GB. Ga mai MiFi, 720p mai tsabta ya fi 1080p da ya farfashe nesa ba kusa ba. A OBS a sa CBR (bitret tsayayye), tazarar keyframe (cikakken hoton da ake turawa lokaci-lokaci) daƙiƙa 2, a kunna bitret mai sauyawa da kansa a ƙarƙashin Advanced.

Idan da rauta, a ja kebul. Idan babu, a hau Wi-Fi na 5 GHz a zauna kusa. Mai amfani da waya ya haɗa ta da USB maimakon hotspot, kuma a tsayar da Steam da Windows daga sauke sabuntawa.

Ɗan_Discord: Wanda ba shi da Nitro (tsarin Discord na biya) ya sani yawanci 720p da firam 30 ne iyakarsa. Baƙin allo kuwa yawanci gem ne ya kame sikirin shi kaɗai. A mayar da shi Borderless, a zaɓi tagar gem ɗin wajen rabawa. In launi ya koɗe kamar an wanke, HDR ne (yanayin ƙarin haske da launi na allo), Win+Alt+B ke kashe shi.

Kunnen_Sauti: Ni dai sauti ne abin da ya fi damuna, don abokai za su jure hoto mai dishi-dishi amma ba za su jure jin muryarsu tana dawo musu ba. Dalili biyu ne. Ko lasifikarka ce makirufo ke kwasa, sai ka sa iyafis. Ko kuma kana ɗaukar sautin kwamfuta gaba ɗaya, wanda muryoyin Discord ke ciki. Tun OBS 28 da ya fito a 2022 akwai Application Audio Capture: ka kashe sautin kwamfuta na gaba ɗaya, ka zaɓi gem ɗin kaɗai.

Idan sautin gem na nutsewa duk sanda wani ya yi magana, ka duba Attenuation a Discord ka kai shi sifili, sannan a setin sauti na Windows, shafin Communications, ka zaɓi kada ya yi komai, don shi kashi 80 yake ragewa. Ƙarar kas-kas da sautin da ke zamewa a hankali daga hoto galibi saɓanin setin Sample Rate ne, wata na'ura na 44.1 wata na 48 kHz, a sa makirufo da iyafis da OBS duk a 48. Bluetooth kuma da an kunna makirufonsa sai ya sauka zuwa ingancin kiran waya, don haka ko iyafis mai kebul, ko makirufo daban. Gurnanin da ke ɓacewa in an zare caja daga wutar yake, makirufon USB kan rage shi.

Gwanin_Pad: Allah Ya saka, Yaya. Masu PS5 da katin ɗauka (na'urar da ke shigar da hoton PS5 cikin kwamfuta) fa?

Kunnen_Sauti: A kashe HDCP (kariyar hana kwafe hoto) a setin HDMI na PS5, in ba haka ba allo baƙi za a gani. Kuma da ka soka iyafis a pad, sautin ya bar HDMI, katin ba zai ji komai ba, sai ka saurara ta kwamfuta ko ka bar hira kaɗai ta bi pad ɗin. Idan muryarka na riga hoto, ka yi rikodi ka tafa hannu a gaban kyamara, ka ga tazarar, ka zuba ta a Sync Offset na makirufo. Ka fara da milisakan 100, kana ƙara 50 har su haɗu.