Wace kalma za mu sa wa "jidaigeki", kuma ina finafinan yaƙin 1904 za su shiga?

Mai fassara: Assalamu alaikum, jama'a. Ina rubuta bayanin wasu finafinan Japan da Hausa, sai kalmar jidaigeki ta tsaya mini. Haka Japanawa ke kiran finafinan zamanin samurai (mayaƙan Japan na da) da takobi. Ni dai "fim ɗin tarihi" na rubuta, na haɗa har da na yaƙinsu da Rasha na 1904 zuwa 1905. Ya yi?

Ɗalibar tarihi: Wa alaikumussalam, Yaya. Ka haɗa abin da su masu abin suka raba. Jidaigeki yawanci yana tsayawa ne a 1868, shekarar da mulki ya koma hannun Sarki Meiji. Bayan nan komai ya sauya: a 1873 aka kafa dokar ɗaukar soja dole, a 1876 aka hana samurai yawo da takobi. Sojan Japan da ya hau Tudun 203 a Port Arthur, sansanin Rasha a gaɓar tekun China, cikin Disamba 1904 galibi ɗan manomi ne da aka ɗauko daga ƙauye, sanye da kaki, ana luguden igwa a kansa. Su kansu Japanawa fim ɗin yaƙi suke ce wa irin wannan.

Malamin Hausa: Madalla da wannan bayani, 'yata. To ashe kalma biyu muke nema. Ta farko ba wahala: fim ɗin dauri. Muna cewa mutanen dauri, kayan dauri, kowa ya san ana nufin zamanin da ya shuɗe da tsarinsa gaba ɗaya. "Fim ɗin gargajiya" da ake faɗa a Kannywood ba zai yi ba, don mai karatu zai sa ran ganin rawani da kakaki da algaita.

Mai shagon finafinai: Malam, a gafarce ni, mu a kasuwa duk "fim ɗin Canis" ake ce musu, ko daga Koriya suka zo.

Malamin Hausa: Alhaji, ai gyaran wannan ne ya tara mu. Ta biyun kuwa, me zai hana mu ce "fim ɗin jiya"? Dauri, jiya, yau.

Ɗalibar tarihi: Malam, tsarin ya yi kyau a kunne, amma in na ce wa ƙawata "kin ga fim ɗin jiya?" za ta ɗauka wanda aka nuna daren jiya nake nufi. Dauri kuma bai dace da 1904 ba, na yarda. Shekara ɗaya ce fa bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma mu ba ma kiran wannan lokaci dauri, zamanin zuwan Turawa muke cewa.

Mai fassara: To "fim ɗin yaƙi" kawai?

Ɗalibar tarihi: Ya yi kaɗan, Yaya, don rabin abin da ke cikinsu ba a fagen daga yake ba. Akwai Janar Nogi, kwamandan Japan a Port Arthur, da ya rasa 'ya'yansa maza biyu a yaƙin, daga baya shi da matarsa suka kashe kansu ranar jana'izar Meiji a 1912. Akwai tarzomar Hibiya a Tokiyo cikin Satumba 1905, lokacin da talakawan da suka sha haraji suka ji an yi sulhu a garin Portsmouth na Amurka ba tare da Rasha ta biya diyya ba. Akwai ma fim ɗin 1977 kan Dutsen Hakkoda, inda sojoji 199 cikin 210 suka mutu a dusar ƙanƙara wajen atisaye a Janairun 1902, ba a ma fara yaƙin ba. Wannan wa aka yaƙa a ciki?

Malamin Hausa: To sai mu ce "fim ɗin tarihin yaƙi". Kalmar tarihi ta ɗauko gida da kasuwa da fada, yaƙi kuma ya nuna inda labarin ya dosa. A lura da jerin: "yaƙin tarihi" na nufin yaƙin da ya kafa tarihi, ba shi muke so ba.

Mai shagon finafinai: Ya yi tsawo a jikin fasta, Malam, amma na karɓa. Dauri kam tun yau zan fara rubuta shi.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Jidaigeki, fim ɗin dauri. Na Meiji zuwa gaba, fim ɗin tarihin yaƙi. Saura "samurai": barde zan sa, ko in bar shi yadda yake?