Yaya zan farkar da zuciyata a ibadar da na saba da ita?

Mai Neman Sani:
Assalamu alaikum. Na yi shekaru ina karanta zikirin bayan salla da siga ɗaya, har jiya na ƙirga tasbihi a gaɓoɓin yatsuna, na gama ban san abin da bakina ya furta ba. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ina so in sauya wani abu, amma ina tsoron faɗawa bidi'a. Ina iyakar take?

Ɗalibin Ilimi:
Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sunna da kanta ta buɗe maka ƙofa, domin wannan zikiri ya zo da siga fiye da ɗaya: akwai 33 sau uku a cike ɗari da kalmar tauhidi, akwai wadda ake kai kabbara 34, akwai ta goma-goma, akwai kuma ta 25 ga kowane ɗaya, tasbihi da hamdala da kabbara da hailala. Idan kana jujjuya su, tilas ka tsaya ka tuna wacce ka ɗauka yau, kuma wannan ɗan tsayawar ita ke hana harshe ya riga zuciya.

'Yar Uwarku:
Ni addu'a ce ta farfaɗo da ni. Aya ta 180 a Suratul A'araf ta umarce mu da mu roƙi Allah da kyawawan sunayensa, sai na riƙa ɗaukar suna guda ina nazarin ma'anarsa. Ranar da na kai kan Al-Jabbar, mai ɗora karaya, na rubuta a ɗan littafina duk abin da ya karye a rayuwata, na roƙe shi da harshena, ba da lafazin da na haddace ba. Rabona da hawaye a addu'a na manta, sai a daren nan.

Dattijo:
Madalla da ku. Game da iyaka, ɗana, kana da sarari a zaɓin sura da kalmomin roƙonka. Abin gudu shi ne ka yanka wa kanka adadi ko lokaci, ka jingina masa ladar da ba ta zo a nassi ba, sannan ka kira mutane zuwa gare shi. Ka kuma gwada sauraro: Annabi (SAW) ya sa Ibnu Mas'ud ya karanta masa Suratun Nisa'i, da ya kai aya ta 41 sai idanun Annabi (SAW) suka zubar da hawaye.

Mai Neman Sani:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da ta goma-goma bayan Asubar gobe, in sha Allah.