Tuba mai F: me ake dubawa kafin a biya kuɗi?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum manya. Tuba, wato babban ƙahon tagulla mai zurfin murya, mai BBb (wadda sautinta na asali B-filat ne) nake busawa a badujala, yanzu kuma malamina ya ce in nemi mai F don jarrabawar busa ta mutum ɗaya. An nuna min tokunbo biyu, wato na hannu daga waje: ɗaya ƙirar Jamus mai bawul biyar masu juyawa, ɗaya kuma fistan huɗu, wato bawul mai hawa da sauka, da mai juyawa ɗaya. Ana ta ce min mai F ba ta zama daidai a sauti. Wane gwaji zan yi musu kafin in saki kuɗina?

Malam Sabo Obalende:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, fara da sanin abin da za ka riƙa. Bututun mai F kusan mita 3.7 ne, na BBb ɗinka kuwa mita 5.5. Gajartar nan ce ke sa sama ta zo da sauƙi, ita ce kuma ke sa ƙasa ta yi gardama. Ba sabon abu ba ne: tubar da Wieprecht da Moritz suka yi wa rajista a Balin a 1835 mai F ce, kuma bawul biyar gare ta tun ranar farko.

Je da manhajar auna sauti a wayarka, da bakin busa naka, kada ka yarda da wanda mai sayarwa zai miƙo. Busa minti goma ƙarfen ya ɗauki ɗumi. Saita F na tsakiya da babban bututun ja, sannan ka bi sautukan da ke fita ba tare da danna bawul ba: F, C, F, A, C, F. Rufe ido ka busa kowanne inda ya fi zama daram, sai ka buɗe ka duba allo. In kana kallon allurar, leɓenka zai gyara sautin ba ka sani ba, ka yaudari kanka.

A ɗin nan na sama dole ya sauka, sent 14 ne a lissafi ko da tubar ba ta da aibi (sent ɗari ne rabin mataki a sauti). Ana gyara shi da danna bawul na 1 da na 2, A-filat kuma da 2 da 3. Wannan kowa ya saba. Amma in ka ga F na ƙasa da na tsakiya da na sama ba su yarda da juna ba, ɗaya ya hau ɗaya ya sauka da sent 20 ko fiye, ajiye ta. Babu bututun da za ka ja ya gyara wannan, a jikin ƙirar yake.

Maman Hanifa:
Malam ya gama magana kan sama. Ni C na ƙasa zan ƙara, wanda ake danna bawul na 4. A tubobin Jamus masu bawul mai juyawa, musamman tsofaffi, sautin nan yakan fito a shaƙe, kamar ba shi da wurin zama, B da B-filat na kusa da shi ma haka. Wanda ya taso kan BBb yakan tura masa iska da ƙarfi, sai ya ƙara watsewa. Iska mai ɗumi a hankali yake so, baki a buɗe. Gwada shi sau goma a jere, a sanyaye, kana cire baki tsakanin kowanne. In bakwai ko takwas sun fito sumul, za ka iya zama da ita. Masu fistan irin Yamaha YFB-621 da 822 an san su da sauƙin wannan wuri, sai dai da yawa suna ganin zaƙin muryar ƙirar Jamus ya fi a sama. Zaɓi ne, ba a samun duka biyu a araha.

Kuma kada kowa ya sayar maka da mai F mai bawul huɗu. Da ka danna na 4, bututun ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, tsawon bawul na 1 bai isa ya sauke cikakken mataki ba, shi ya sa 1 da 4 ke hawa sosai. Na 5 an yanka shi da ɗan tsawo don wannan: B-filat na ƙasa 4 da 5, A kuma 2, 3, 4. Tambayi yadda aka yanka na 5 ɗin, don a wasu tsofaffi tsawon 2 da 3 ne, yatsun sun bambanta.

Injiniya Idi-Araba:
Ku bar ni in yi maganar Legas, don duk abin da aka faɗa a ɗaki mai sanyi aka tsara shi. Gudun sauti a iska yana ƙaruwa da kusan mita 0.6 a daƙiƙa ga kowane digiri, don haka ƙarfe mai zafi hawa yake yi. Sannan yawancin na Jamus a 442 ko 443 aka saita su, wato yawan girgizar sautin A a daƙiƙa, kibod ɗinmu kuwa 440. Tsakanin 440 da 443 sent 12 ne, wato sai ka ja babban bututu fiye da santimita ɗaya, ga na zafi a kai. Gwada ta a waje da rana, ba cikin AC ba. In sai da bututun ya kusa faɗowa ka kai 440, to sai an ƙera mata dogo, kuma ba a kowane lungu ake wannan aikin ba.

Yoyo shi ne babban abin tsoro a tokunbo. Ja bututun bawul kaɗan ba tare da ka danna ba, jira daƙiƙa biyar, sannan ka danna. Ka ji "fof", lafiya. Shiru, bawul ya cinye ko dalma ta saki, kuma tuba mai yoyo C na ƙasa ne farkon abin da take rasawa. Duba bututun da ke bayan bakin busa: ɗigo-ɗigo ja a jikin tagulla tsatsa ce daga ciki, iskar teku kuma ba ta raga mata. Lotsawa a babban baki ba komai, amma a siririn bututu tana taɓa sauti.

Gyara kuwa, fistan kai ma za ka kwance ka wanke ka sa mai. Mai juyawa sai da guduma ta roba da wanda ya iya, in aka mayar da shi a karkace ya cije.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri. In duka biyun sun ci gwajin fa?

Malam Sabo Obalende:
Sai ka duba ko hannun hagunka yana kai wa bututun bawul na 1 kana zaune, kuma yana zamewa da yatsa biyu, don za ka ja shi kullum. A wasu masu juyawa bawul na 5 a hannun hagu yake, hannun ya samu aiki ke nan, ba zai saki ya ja bututun ba. Sannan ka ɗauki malaminka ya tsaya can ƙarshen ɗaki ya saurara, kai ƙarƙashin bakinta kake, ba ka jin abin da masu jarrabawa za su ji. Busa masa layi ɗaya da kowacce, bayansa a juye.