Abin da aka tattauna kan karatun dabarun gudanar da kamfani ko hukuma

'Yan'uwa, maganar ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa fannin nan ba haddar ma'anoni ba ne. Tambayoyi uku ne ginshiƙinsa: ina ma'aikata take yanzu, ina take son zuwa, ta wace hanya?

2. A fara da SWOT, wato auna ƙarfi, rauni, dama da barazana. Daga nan a wuce ga abubuwa biyar na auna gasa a kasuwa, waɗanda masanin kasuwanci Michael Porter ya fitar a 1979: abokan gasa, sababbin shiga kasuwa, masu kawo kaya, masu saye, da kayan da za su iya maye gurbin naka.

3. A riƙa nazarin kamfanoni na gaske. An kawo misalin Kodak, kamfanin kayan ɗaukar hoto, wanda injiniyansa ya ƙera kyamarar dijital a 1975, amma kamfanin ya maƙale wa fim har ya durƙushe a 2012. An kuma ambaci yadda Ɗangote ya tashi daga shigo da siminti zuwa sarrafa shi a Obajana.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce a yi MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, da zarar an gama digiri na farko, wasu suka ce sai an yi aiki tukuna. Ni dai na fi karkata ga na biyu, domin wanda bai taɓa ganin tsari ya wargaje a wurin aiwatarwa ba, da wuya darasin ya shige shi.

5. Masu aikin gwamnati da ƙungiyoyin agaji sun tunatar cewa a wurinsu ba riba ake aunawa ba, hidima ce ga jama'a.

6. Lissafin kuɗi dole ne, ko da kaɗan.